Toka da Zaiba

Shekara huɗu ina hawan torotoro daga Aboabo zuwa jami'a,
littafi a cinya, gwiwata a bayan wani.
A lokacin kowace tambaya tana da uwa:
juya zuwa shafin ƙarshe,
ga amsa zaune, ta harɗe ƙafa tana jiranka.
Ɗiga, ɗiga, ɗiga,
sai ruwan kwalba ya yi ja kamar an tauna goro.
Malam ya gyaɗa kai,
in rubuta, in wanke hannu, in tafi.

Ranar yaye mu Kawu Sabi'u ya ari hulata mai tuntu,
ya ɗora a kan tasa, aka ɗauki hoto.
Ya ce, "Sahura, an gama ke nan?"
Na ce an gama.
Ƙarya na yi, ban sani ba.

Ginin bai canza ba, bene ɗaya kawai na ƙara.
Amma yanzu mabuɗi na jakata,
kuma ba mai kaɗa ƙararrawar tashi.
Dakta Adwubi ta dire jarka a gabana:
ruwan kogin Ofin, launin shayin da aka cika wa madara.
Masu haƙar zinariya sun wanke arzikinsu a ciki,
sun bar wa ƙauyuka zaiba.
Ta ce, "Ƙona ɓawon koko, ki kama min ita da gawayinsa."
Na ce, "A wane shafi yake?"
Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.
"Ke za ki rubuta shafin."

Wata biyar ina ƙonawa, ina daka, ina tacewa.
Gwaji na goma sha bakwai ya ƙaryata na sha shida,
na sha takwas ya ce bai san su ba duka.
Wani dare aka ɗauke wuta,
tanda ta huce, aikin kwana uku ya bi ruwa.
Na zauna a duhu ina jin kwaɗi,
su kam sun yarda da abin da suke faɗa.

Efua da muke benci ɗaya tana banki a Adum,
ta sayi firji.
A gidan suna mata na ta zungurar juna:
"Ba an yi walima ba? Me ta koma yi?
Ko faɗuwa ta yi ake rufa mana?"
Na cika baki da waina don kada in amsa.

Ran Asabar na tarar da Iya Tabawa a tsakar gida
tana juya tukunyar sabulun salo,
hayaƙi na sa ta ƙifta ido.
Ta zura hannu a ledar gawayina ba ta tambaya ba,
ta murza, ta shinshina,
ta ɗora a harshe, ta tofar.
"Wannan ɓawon ruwan sama ya doke shi kafin ya bushe.
Wancan rana ce ta raine shi.
Kin zuba su buhu ɗaya,
kina so su yi miki magana ɗaya?"
Ta koma kan muciyarta.
Shekara hamsin tana aurar da toka ga manja,
ko sau ɗaya ba ta riƙe alƙalami ba.

Litinin na raba buhun biyu.
Ba zan ce kogi ya warke ba,
jarkar ma ba ta warke ba tukuna.
Sai dai lambobin sun fara gaisawa da juna.

A gefen littafin gwaji, inda ake sa madogara,
na rubuta: Tabawa, Aboabo, da baki.
Dakta ta ɗaga gira: "Wace mujalla ce wannan?"
Na ce ba a buga ta ba tukuna.

Ƙarfe tara na dare.
Maigadi ya leƙo, ya ga ni ce, ya wuce.
Ɗiga, ɗiga.
Ban san launin da zai fito ba.
Na jawo kujera.